Siminti a Gwiwar Ba-kwana

Shekara talatin da ɗaya mijina yana neman abinci a kan gwiwa. Mai shimfiɗa tayil ne, kuma sana'ar ba a tsaye ake yin ta ba. Tun safe zai durƙusa a ƙuryar ɗakin mutane, ya yi ta ja da baya yana jera tayil har ya kai bakin ƙofa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa kuwa, daga ni sai katin asibiti muke riƙe da shi. Magina da 'yan kwangila Ruwa-ba-ya-kwana suke ce masa, da tsawon sunan ya ishe su suka gutsure shi ya koma Ba-kwana. Ni Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sufeto, wai don ba ya shigowa gida ban duba farcensa da wuyan rigarsa ba.

A banɗaki ya samo sunan. A cewarsa falo kowa ma zai iya, amma banɗaki sai gwani, don dole ƙasan ya gangara zuwa rariyar da ruwa ke fita, gangarowar da ido ba zai gani ba sai ruwa. In ya gama aiki ya bushe, sai ya kira mai gidan, ya ciko bokiti, ya tsaya a kusurwa mafi nisa ya sheƙa. Ruwan zai miƙe ya nufi rariya kamar an aike shi, ko cikin cokali ba zai rage ba. Wannan bokitin bai taɓa bari wani ya zuba ba, ko da mai gidan ne, ko abokin aikinsa Dogo da suka shekara ashirin tare.

Gida ɗaya ne a garin nan ruwa yake kwana har ya yi minshari, shi ne nawa. Banɗakinmu wani magini ne ya yi shi tun kafin mu tare, kuma ruwan wanka a bayan ƙofa yake taruwa. Shekara ashirin da shida ina ajiye da guntuwar tsintsiya a wurin, duk wanda ya yi wanka ni ce mai kora. In na yi magana ya ce, “Wata mai zuwa, Sufeto.” Watan nan har yaranmu suka girma suka bar gida bai tsaya ba.

Gwiwar dama ce ta fara ba shi labari. Da farko ƙara take yi in ya miƙe, kamar ana taka tsakuwa. Daga baya ta koma kumbura, har ya zamana in ya gama ɗaki sai Dogo ya miƙa masa hannu ya ɗago shi. A gida ni ce mai miƙa hannun, har hannuna ya saba, da na ga ya yunƙura sai in ga na miƙa ban sani ba. Ya sha man shafawa iri-iri, ya sha ɗauri, sai da ya kai hawa bene a kaikaice sannan ya yarda muka je wurin likitan ƙashi.

Likitan ya ɗaga hoton ƙafar a gaban fitila, ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Za a yi aiki a sa masa gaɓa ta ƙarfe da roba. Ni gabana ne ya faɗi, Malam kuwa kujerarsa ya jawo ya matso.

“Likita, shi ƙarfen da me za ku manne shi a jikin ƙashin?”

“Akwai wani siminti na musamman da muke amfani da shi.”

Sai na ga fuskar Malam ta washe, kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Ya gyaɗa kai ya ce to madalla, ashe duk aikin ɗaya ne. Da ina da wayo da tun a nan na gane akwai rigima a gaba.

Aiki ya yi kyau. Washegari ma'aikatan jinya suka tashe shi, suka ba shi ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, suka ce ya taka zuwa bakin ƙofa. Ya taka, don Malam ba ya musu da mutum a wurin aikinsa, amma fuskarsa a murtuke. Na ɗauka zafi ne. Kwana huɗu aka sallame mu da takarda mai zanen motsa ƙafa, da umarnin mu riƙa zuwa sashen gashin ƙashi sau biyu a mako.

Muna isa gida ya kwanta, ya sa na kawo kujeru biyu na ajiye a gefen gado, ya ce in ɗaure igiyar awonsa a tsakaninsu. Haka yake tare ƙofar ɗakin da ya gama shimfiɗawa don kada a taka.

“Malam, wannan fa?”

“Sufeto, siminti aka sa. Siminti kuwa sai ya kwana ashirin da takwas yake kai ƙarfinsa. Yaran can na asibiti sun iya yanka, ban raina musu ba, amma gaggawa ta yi musu yawa. Sabon aiki kwana ɗaya a ce a taka? Allah dai ya sa bai goce ba.”

Na nuna masa takardar, ya karɓa ya ninke ta huɗu ya tura ƙarƙashin matashi. Abu ɗaya kawai ya yarda da shi a cikinta, wato ɗora ƙanƙara a cikin tawul safe da yamma. Ya ce, “Kin gani ko? Ban-ruwa ke nan, irin wanda ake yi wa sabon siminti. Nan kam sun yi daidai.”

Zan faɗi laifina tun kafin a faɗa mini. Na yarda da shi. Mutumin da ya shekara talatin bai taɓa kuskure a kan siminti ba, ni wace ce da zan ja da shi? Har tsaron igiyar na riƙa yi, in 'yan dubiya sun zo in ce su zauna daga nesa. In zai zaga banɗaki, jan ƙafar yake yi a miƙe kamar katako. Aka kira daga asibiti sau biyu, ya ce muna tafe. Cire ɗinki ma a ƙaramin asibitin unguwa aka yi, a kwance aka kai shi a bayan tasi. Kullum da safe ya ja layi ɗaya da fensirinsa a bango, cikin nishaɗi, yana ce mini aiki na kamawa.

Ranar da layi ya kai ashirin da ɗaya muka koma ganin likita. Aka fara tura mu wurin mai gashin ƙashi, wata matashiyar likita da ba ta kai babbar 'yarmu ba. Ta ɗauko wani ma'auni na roba mai hannu biyu, mai nuna digiri nawa gwiwa ta lanƙwasu, ta ɗora a gefen gwiwar ta ce ya lanƙwasa. Ya lanƙwasa kaɗan, ƙafar ta tsaya cak. Ta ce ya ƙara, ya cije leɓe, gumi ya karyo masa, ƙafar ta ƙi.

“Sittin,” in ji ta. “Baba, ya kamata a ce yanzu ka kusa casa'in. Me kake yi a gida?”

Malam ya yi mata bayani dalla-dalla, har da ban-ruwa. Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Fita ta yi ta kira likitan ƙashi. Shi ya ce simintinsu a cikin minti goma sha biyar yake ƙamewa, tun Malam bai farka daga allurar barci ba ya gama kamawa.

Malam ya dube shi da tausayi ya ce, “Likita, duk simintin da ya bushe a minti goma sha biyar algus ne. A binciki mai kawo muku kaya.”

Likitan ya daina murmushi. Ya ce in nan da mako uku ƙafar ba ta kai casa'in ba, sai an sake sa shi barci a lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma ko an yi hakan ba lalle ta dawo yadda ake so ba. Mai gashin ƙashi ta ƙara da cewa, “Baba, simintin ba ruwansa. Naman da ke kewaye da gaɓar ne yake warkewa, in ba a motsa shi ba a sandare zai warke. Tafiya za ka yi, amma durƙuso sai ka wuce ɗari da ashirin.” Ni maganar ta shige ni har ƙashi. Shi kuwa a tasi cewa ya yi saura kwana bakwai, mu ƙarasa.

Da yamma Dogo ya zo. Ya ce sun samu aikin gidan kwanan ɗalibai, shi yana yin ɗakuna, amma banɗaki shida ɗan kwangila ya ce sai Ba-kwana, kuma zai jira har ƙarshen wata na huɗu daga ranar da aka yi wa Malam aiki, ba zai wuce haka ba. Da ya ji abin da likita ya ce, sai ya so ya kwantar masa da hankali.

“Ba komai, Maigida. In ta ƙi, sai mu kawo maka kujera ka zauna kana nuna mini da sanda.”

Malam ya juya fuska bango. Na san mijina. In aka raba shi da durƙuso an raba shi da kansa, kujerar nan da sandar nuni ba za su bar shi ya yi shekara biyu ba. Tsoro ya kama ni sosai, haushin kaina ya fi tsoron yawa.

Da gari ya waye na shiga ɗakin ajiyarsa. Akwai ragowar rabin buhun siminti. Na ɗebo a kwanon kwaɓinsa, na zuba yashi da ruwa yadda na saba ganin yana yi, na juya. Sannan na ɗauko cokalin gininsa, wanda ya gada wurin maigidan da ya koya masa aiki, wanda ƙotarsa ta lotse daidai yatsunsa. Na caka shi a tsakiyar kwaɓin, na kai kwanon ɗaki na dire a bakin ƙofa, can nesa da gado. Na jawo kujera na zauna ina yanke farce.

“Sufeto, me za a gyara?”

“Babu.”

Can ya ce, “To juya shi mana.”

“A'a, so nake ya kama.”

“Kwaɓi ne fa. Kwaɓi ba a barinsa a zaune.”

“Kwana ashirin da takwas zan ba shi.”

Ya ɗago a kan gwiwar hannu. Saman kwaɓin ya fara dushewa, shi kuma ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Ya roƙe ni, ya yi faɗa, ya ce ko cokalin ne in cire masa. Na ci gaba da farcena. Sai ga Malam ya jawo ƙarfen dogarawa, ya ture igiyar da hannunsa, kujera ɗaya ta kife. Ya tako har bakin ƙofa, ya yunƙura zai sunkuya, ƙafar ta ƙi ba shi hanya. Cokalin na gabansa, bai fi kamu biyu ba, ya kasa kaiwa.

Na ce, “Malam, yarinyar nan ta gaya maka jiya ba ka ji ba. Abin da aka shimfiɗa a ƙafarka ya kama tuntuni. Wanda ke daskarewa yanzu kwaɓin ne, kuma gwiwarka ce a cake a ciki.”

Ya dubi kwanon, ya dubi ƙafarsa, ya daɗe a haka. Sai ya ce a hankali, “Ashe kwaɓi na bari ya kwana.” Ya ɗago ido. “Ina takardar nan? Ciro cokalin ki wanke, ki nemo mana tasi.”

Daga ranar gidanmu ya koma wurin aiki. Mutumin da na yi fama ya motsa, sai ga shi ina fama ya huta. Takardar ta ce a kwanta a riƙa jan diddige zuwa baya, ya ce zanen gado yana riƙe masa ƙafa. Ya sa na ɗauko masa tayil mai santsi, ya goge gefensa, ya ɗora diddige a kai da safa, ƙafar ta riƙa zamewa sumul. Da likitar ta gani ta ce wannan dabara ce, mako na zagayowa ya sa Dogo ya kai mata guda takwas. Har yau in ka shiga sashen za ka tarar da tsofaffi a jere suna jan ƙafa a kan tayil ɗin Ba-kwana.

Akwai zafi, ba zan ɓoye ba. In likitar ta danna ƙafar, sai ya kama ƙarfen gado jijiyoyin wuyansa su miƙe. Ranar farko na ga hawaye a idonsa, abin da ban gani ba tun rasuwar mahaifiyarsa, na fita baranda na yi nawa kukan. Amma da ta ɗauko ma'auninta sai ya manta da komai, ya leƙo yana cewa, “Nawa, 'yata? Ki duba da kyau, kada ki yi mini ƙwange.” Saba'in da biyu. Tamanin da ɗaya. Kwana biyu kafin wa'adin da likitan ƙashi ya ba mu, ta ce casa'in da uku. Malam ya tafa hannu, ya bi gadaje yana gaisawa da marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya ci zaɓe. A hanyar gida ya kira Dogo, ya kira yara, har direban tasi sai da ya san lambar.

Layukan fensir na bango ya sa na goge, ya koma rubuta lambobin gwiwa a wurin. Ya ajiye ƙarfen dogarawa ya ɗauki sanda. Ya gano wani bene mai matakala goma sha huɗu a kasuwar bayanmu, kullum da hantsi ya je ya hau ya sauko, masu shaguna na ƙirga masa. A ɗari da takwas ƙafar ta yi taurin kai, mako biyu ba ta ƙara ko ɗaya ba, ya daina cin abinci sosai, ni ma na daina tsokanarsa. Sai ranar wata Talata ta saki, ɗari da goma sha huɗu. A ƙarshen wata na uku likitar ta duba sau biyu ta ce ɗari da ashirin da huɗu.

Likitan ƙashi ya yarda ya gwada durƙuso, amma da sharaɗi: sai da abin tare gwiwa mai taushi, kuma duk minti ashirin ya miƙe ya taka. Na yanko soso daga tsohuwar katifa, na lulluɓe da robar tayar mota, na ɗinka masa maɗauri. Ya fara a kan katifa, ya koma kan matashi, ya koma tabarma. Ya ce wurin tabon ba ya ji sosai, kamar gwiwar wani ya aro ya durƙusa a kai. Na ce to ya riƙe ta da kyau, mai ita bai ce a dawo da ita ba.

Saura mako biyu wa'adin ɗan kwangila ya cika, da safe na ji ana fasa abu a bayan gida. Na fito da gudu na tarar da Dogo yana ɗaye ƙasan banɗakina, Malam na tsaye yana auna bango.

“Ba zan kai gwiwar da ban gwada ba gidan mutane,” in ji shi. “In za ta ba ni kunya, ta ba ni a gidana.”

“Au, wato watan ya tsaya ke nan?”

“Ya tsaya, Sufeto. Ki ba mu wuri.”

Ban ba su wuri ba. A bakin ƙofa na zauna da agogo a hannu, duk minti ashirin in ce lokaci, ya harare ni ya miƙe da taimakon Dogo. Na ga ya ɗaura soson, ya sauke ƙafar hagu, sannan ya sauke ta dama a hankali har ta taɓa ƙasa. Ya ɗebo kwaɓi da cokalin nan, ya shimfiɗa, ya ɗora tayil na farko, ya bubbuga da gudumar roba. Sautin nan wata huɗu ban ji shi ba, kuma ban san na yi kewarsa ba sai da na ji. Aikin da da yake yi a yini ɗaya sai da ya kwana uku. Da ya gama ya ɗaura igiyarsa a ƙofa ya ce kada a taka sai ya kama, muka koma wanka a tsakar gida bayan labule. Na ce wannan karon na yarda, tunda a ƙasa simintin yake.

Ranar gwaji ya ciko bokiti da kansa. Ya shiga ya ɗaura soso, ya durƙusa a gefen rariya don ya ga tafiyar ruwan da kyau. Ina jira ya karɓi bokitin, sai ya nuna mini kusurwar bayan ƙofa da haɓa.

“Zuba.”

“Ni?”

“Ke kika san inda yake kwana.”

Dogo ya buɗe baki yana kallonmu. Na ɗauki bokitin, na sheƙa a daidai wurin da na shekara ashirin da shida ina sunkuyo. Ruwan ya bazu, ya ɗan yi jim kamar zai zauna a gidansa na da, sannan ya juya ya miƙe, ya wuce ta gefen gwiwar Malam ya faɗa rariya. Muka bi ƙasan da ido mu uku. Babu abin da ya rage sai sheƙi.

Dariya ta ƙwace mini, Dogo na ta faɗin “Ba-kwana ya dawo.” Sai na ga Malam ya yunƙura zai tashi, hannuna kuwa ya riga ni, tuni na miƙa masa. Ya dubi hannun. Ya kafa ƙafar hagu, ya dafa cinyarsa, ya miƙe tsaye shi kaɗai, ba ƙara, ba nishi. Sannan ya kama hannun nawa da yake a miƙe har yanzu, ya ɗauko guntuwar tsintsiyar daga bayan ƙofa ya damƙa mini.

“Ki kai ta ritaya,” in ji shi.

Ran Litinin tun ƙarfe bakwai ya rataya jakar kayan aiki, soson gwiwa na leƙowa daga sama. Na duba wuyan rigarsa, na ce minti ashirin-ashirin, kuma na ba Dogo agogo. Ya ce ya ji. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu har suka sha kwana, yana gaba Dogo na binsa da sauri. Da na koma ciki na ga sandarsa a jingine a gefen gado. Na ɗauka zan bi shi da ita, har na kai zaure, sai na tsaya. Na dawo na kai ta ɗakin ajiya, na jingine ta kusa da tsintsiyar.